FILIN LITTATTAFAI: "Ranar Dila" Da Hisabin Da Yake Yi Wa Mai Karatu

Ran 22 ga watan Agusta, 1962, da almuru, motar Shugaban Ƙasar Faransa, Janar Charles de Gaulle, wanda Hausawa suka fi sani da Digol, tana tafe da shi da maiɗakinsa da surukinsa za su filin jirgin sama. Da suka iso wata unguwa da ake kira Petit-Clamart, a gefen birnin Faris, sai wasu mutane da suka yi kwanton ɓauna suka buɗe musu wuta. An harba harsashi ya fi 150, wajen 14 suka sami motar, tayoyi suka fashe, gilashi ya tarwatse, amma direba ya taka ta ya wuce, ba wanda harsashi ya taɓa a cikinsu. Mai rabon ganin baɗi sai ya gani.

Wanda ya shirya wannan aika-aika wani hafsan mayaƙan sama ne, Laftanar Kanar Jean Bastien-Thiry. Aka kama shi, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, aka kuwa bindige shi ran 11 ga watan Maris, 1963, yana da shekara 35. Daga wannan safiya da aka ɗaure shi a jikin turke ne littafin da wannan fili ya ɗauko a wannan mako ya fara, wato The Day of the Jackal, ma'ana Ranar Dila, na Frederick Forsyth, wanda aka buga a Ingila cikin 1971.

MARUBUCIN BA BAƘO BA NE A NIJERIYA

An haifi Forsyth a garin Ashford na ƙasar Ingila cikin 1938. Ya yi tuƙin jirgin yaƙi yana saurayi, sa'an nan ya shiga aikin jarida a kamfanin dillancin labarai na Reuters cikin 1961, aka tura shi Faris daidai lokacin da ake ta farautar ran Digol. Saboda haka ya ga shugaban da masu gadinsa da idonsa. Cikin 1965 ya koma BBC, kuma da yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya cikin watan Yuli, 1967, aka aiko shi ya ɗauko labari daga ɓangaren Biyafara. Ya saɓa da shugabanninsa a kan yadda ake ba da labarin yaƙin, ya ajiye aiki, ya komo Biyafara don ƙashin kansa, ya zama aminin Ojukwu. Cikin 1969 ya buga The Biafra Story, littafin da bai ɓoye ɓangaren da yake goyon baya ba, cikin 1982 kuma ya rubuta tarihin Ojukwu mai suna Emeka.

Da Biyafara ta kusa rushewa ya koma Landan ba aiki ba ko ahu, ya zauna a farkon 1970 ya rubuta Ranar Dila cikin kwana 35. Kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi karɓa, hujjarsu kuwa ita ce, wa zai sayi labarin yunƙurin kashe mutumin da kowa ya san ba a kashe shi ba? Digol ya rasu ne a gidansa ran 9 ga watan Nuwamba, 1970, mutuwar Allah da Annabi. Daga baya kamfanin Hutchinson ya karɓa, littafin ya sami lambar yabo ta Edgar a Amurka cikin 1972, aka mai da shi fim cikin 1973, aka fassara shi cikin harsuna masu yawa. Shi kuwa Forsyth ya rasu ran 9 ga watan Yuni, 2025, yana da shekara 86.

TUSHEN RIGIMAR

Ba za a fahimci littafin ba sai an san zancen Aljeriya. Faransawa sun shiga ƙasar tun 1830, suka ɗauke ta tamkar wani yanki na Faransa, har Turawa 'yan kaka-gida wajen miliyan ɗaya suka zauna a can. Cikin 1954 mutanen Aljeriya suka ɗauki makamai don neman 'yancin kai. Cikin 1958 sojoji da 'yan kaka-gida suka tayar da ƙayar baya, suka share wa Digol hanyar komawa mulki, a zatonsu shi ne zai riƙe musu Aljeriya har abada. Amma da ya hau, ya auna, ya ga yaƙin ba mai ciwuwa ba ne, sai ya nemi sulhu. Aka sa hannu a yarjejeniyar Evian cikin watan Maris, 1962, Aljeriya ta sami mulkin kai cikin watan Yuli na wannan shekara.

Waɗanda suka ga an yaudare su suka kafa ƙungiyar asiri ta sojoji da ake kira OAS cikin 1961, suka shiga dasa bamabamai da kashe-kashe, suka rantse sai sun ga bayan Digol. Har nan duk tarihi ne. Ƙagen Forsyth ya fara ne daga tambaya guda: tun da 'yan sandan ciki sun cika ƙungiyar da 'yan leƙen asiri, ina dalili idan shugabanninta suka ɗauko baƙo daga waje, wanda ba shi cikin kundin kowa, suka biya shi ya yi musu aikin?

YADDA LABARIN YAKE

Shugabannin OAS uku, Kanar Marc Rodin da abokansa biyu, suka gana da wani Bature ɗan Ingila a wani ƙaramin masauki a birnin Viyana. Ya yanka musu dala 500,000, rabi kafin aiki rabi bayan aiki, ya kuma zaɓi a riƙa kiransa Dila. Sunan ya dace da shi, domin a tatsuniya ma dila shi ne malamin daji, wanda ba ya gaba da gaba da kowa sai dai ya ci da dabara. Ya shiga maƙabartar wani ƙauye ya nemo kabarin yaron da ya mutu yana ƙarami, ya karɓi takardar haihuwarsa, ya yi fasfo da sunansa. Ya saci fasfo na wani fasto ɗan Denmak da na wani ɗalibi Ba'amurke don ko-ta-kwana. Ya tafi Beljiyam wani maƙeri ya ƙera masa siririyar bindiga wadda ake warwarewa a ɓoye ta cikin sandar dogarawa ta guragu.

A ɗaya gefen kuma, hukumar Faransa ta ji ƙishin-ƙishin. Aka kai wa Digol labari, ya ce ba zai soke ko fita guda ba, kuma kada a kuskura maganar ta fita waje. Sai aka ɗora wa wani ɗan sanda mai suna Claude Lebel nauyin nemo mutumin da ba a san sunansa ba, ba a san kamanninsa ba, ba a ma san ƙasar da yake ba. Sauran littafin duka tsere ne tsakanin waɗannan mutum biyu, har zuwa ran 25 ga watan Agusta, 1963, ranar bikin tunawa da ƙwato Faris daga hannun Jamusawa.

ALKAWARI KAYA NE

Abu na farko da littafin ya sa a kan sikeli shi ne amana. Forsyth bai zana Rodin kamar dodo ba. Ɗan mai gyaran takalma ne wanda ya hau muƙami da guminsa, ya yi yaƙi a Indochina da Aljeriya, ya binne yaransa da hannunsa, kuma ya yi imani cewa an yi wa matattun nan alkawari an karya. Akwai ƙamshin gaskiya a kukansa, domin mafi yawan 'yan kaka-gida sun bar gidajensu sun tsere cikin 1962, kuma dubban 'yan Aljeriya da suka yi wa Faransa aikin soja an bar su a baya, aka yi musu kisan gilla.

Amma fa alkawarin da Rodin yake kuka a kansa alkawari ne na ci gaba da danne ƙasar wasu. Bugu da ƙari, sau biyu ana tambayar jama'ar Faransa ra'ayinsu, cikin watan Janairu, 1961, da watan Afrilu, 1962, duk suka goyi bayan Digol, a karo na biyu ma da wajen kashi 90 cikin 100. Ashe ke nan mutanen da suke cewa don ƙasa suke yi, ƙasar ce ta juya musu baya, su kuwa suka nemi su karɓa da bindiga abin da suka rasa a akwatin ƙuri'a. Kuma mai karatu ya lura da inda kishin nasu ya kai su. Sun fara da zancen martabar soja, suka ƙare da fasa bankuna da kantunan gwal don su tara kuɗin da za su biya baƙon da bai damu da Faransa ko Aljeriya ba.

A gaban kotu Bastien-Thiry ya kafa hujja da maganganun malaman addinin Kirista na dā a kan halaccin kawar da azzalumin sarki. Digol ya sassauta wa waɗanda suka riƙe bindiga, amma ya ƙi sassauta masa. An ruwaito cewa cikin dalilansa akwai cewa ya sa an buɗe wuta ga motar da mace take ciki, kuma shi kansa ya tsaya daga nesa yana ba da alama da jarida, ya bar wasu su shiga hatsari. Mutanen Nijeriya ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan irin wannan rana. Ran Juma'a 13 ga watan Fabrairu, 1976, wani Laftanar Kanar ɗin, Buka Suka Dimka, ya jagoranci waɗanda suka tare motar Janar Murtala Muhammed a Ikoyi. Motar Digol ta wuce, ta Murtala ba ta wuce ba, kuma ƙarshen Dimka ya zo daidai da na Bastien-Thiry.

TARKON DA AKA ƊANA WA MAI KARATU

Abu na biyu ya fi na farko nauyi, domin ya shafi wanda yake riƙe da littafin ne da kansa. Forsyth ya bayyana shirin Dila dalla-dalla, yadda yake auna nisa, yadda yake gwada bindiga a daji a kan kankana, yadda yake rina gashi ya sāke kama, har mutum ya wayi gari yana sha'awarsa. Idan 'yan sanda suka matso, sai gaban mai karatu ya faɗi, ya ji yana fatan Dila ya kuɓuta. Mutane da yawa sun karanta littafin nan sun rufe ba su tsaya sun tambayi kansu wa suke yi wa wannan fata ba.

To, a ƙirga gawarwakin da ya bari a hanya. Akwai mai yin takardun jabu a Beljiyam wanda ya nemi ƙarin kuɗi, Dila ya karya masa wuya ya cusa shi cikin akwati. Akwai matar wani basarake wadda ta sake da shi ta ba shi masauki a gidanta, da ta gano ko wane ne shi, ya kashe ta. Akwai wani mutumin Faris wanda shi ma ya ba shi wurin kwana, ya gamu da irin wannan sakayya. Akwai kuma wani saurayin ɗan sanda a rana ta ƙarshe. Ban da na farkon, ba wanda ya yi masa laifin komai. Laifinsu kawai sun zama cikas, shi kuwa yana kawar da mutum kamar yadda manomi yake cire ciyawa, ba fushi ba nadama.

Dila ba ya ƙin Digol. Da wasu sun biya shi ya kashe Rodin, da ya yi da irin wannan natsuwa. A tsakiyar aiki labari ya iso masa cewa asiri ya tonu, yana da damar ya janye da rabin kuɗin da ya riga ya karɓa, amma ya ci gaba, saboda kwaɗayin sauran da kuma girman kai irin na gwani wanda ba ya son a ce wani aiki ya gagare shi. Nan ne darasin yake ga kowane mai sana'a, likita ne ko lauya ko akawu ko ɗan jarida. Gwaninta ba ta wanke mai ita. Wuƙa mai kaifi ita ce a hannun mahauci, ita ce kuma a hannun ɗan fashi, kuma jama'ar da ta saba yi wa mai wayo tafi ba tare da ta tambayi inda wayon ya dosa ba, wata rana a kanta zai ƙare.

HANNUN HUKUMA MA DA JINI

Da Forsyth ya tsaya a nan, da littafin ya zama wa'azi mai sauƙi. Amma bai bar gwamnati ta fita da farar riga ba. Rodin yana da wani mai gadi, Viktor Kowalski, ƙaton mutumin Polan, tsohon sojan haya, wanda ba shi da kowa a duniya sai wata 'yar ƙaramar yarinya da ya haifa ya ba abokinsa riƙo a Marsai. 'Yan sandan ciki suka sa aka aika masa da labarin ƙarya cewa yarinyar tana kwance rai a hannun Allah. Ya baro birnin Rum a ɓoye don ya gan ta, suka cafke shi, suka ɗaure shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suna gana masa azaba da wutar lantarki har ya mutu. Daga cikin sambatunsa ne aka tsinci kalmar Dila.

Wato da ba a yi wannan zalunci ba, da ba a san da makircin ba. Forsyth ya ajiye maganar haka ɗanya, bai yanke hukunci ba, ya bar wa mai karatu. Shin ceton ran shugaba ya halatta a mai da soyayyar uba ga 'yarsa ta zama tarko? Wanda ya yi saurin cewa i, ya tuna cewa wannan ba ƙage ba ne zalla. Sojojin Faransa sun azabtar da mutane ba adadi a Aljeriya da wannan hujja ta cewa ana ceton rayuka ne. Ɗan jarida Henri Alleg ya rubuta abin da aka yi masa tun 1958, aka hana sayar da littafin. Sai cikin watan Satumba, 2018, Shugaba Macron ya amsa cewa hukuma ce take da alhakin mutuwar Maurice Audin, malamin lissafi da sojoji suka kama cikin 1957 ba a sāke ganinsa ba. Shekara 61 iyalinsa suna jiran wannan kalma. Azabtarwa ba ta hana Aljeriya samun 'yanci ba, abin da ta bar wa Faransa shi ne tabon da har yau ba ta gama wankewa ba. Ƙofa ce wadda idan hukuma ta buɗe ta don mai laifi guda, marasa laifi ɗari za su bi ta ciki.

Shi kansa Digol kada a ɗauke shi waliyyi don an nemi ransa. A zamaninsa ne Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya ran 13 ga watan Fabrairu, 1960, abin da ya sa gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa cikin watan Janairu, 1961. Gwamnatinsa ce kuma ta taimaka wa Biyafara da makamai. Ko a cikin littafin, jaruntakarsa ta ƙin ɓuya tana da farashi, kuma ba shi ya biya ba, ƙananan ma'aikata ne suka biya.

ƊAN HAKIN DA KA RAINA

Mutumin kirki guda da littafin ya tsayar shi ne Lebel. Gajere ne, tufafinsa a yamutse, ba ya iya magana a taro, a gida ma matarsa ce mai faɗa a ji. Kowane dare sai ya je gaban wani kwamiti na manya ya ba da bayani, su kuwa suna yi masa kallon raini, kowa yana shirin yadda zai ɗora masa laifi idan abu ya ɓaci. Makamansa su ne tarho da kundin fasfo da rajistar masaukai da haƙuri, tare da taimakon takwarorinsa na Ingila. Bai doki kowa ba, bai kuma yi wa kowa ƙarya ba.

Da ya ga sau da dama Dila yana sulluɓewa ana gab da kama shi, sai ya gane cewa ɓarakar daga cikin ɗakin taron take. Ya sa aka saurari wayoyinsu duka, ba sani ba sabo. Ashe wani Kanar na fadar shugaba, wanda ya fi kowa zaƙewa wajen sukar Lebel, shi ne yake komawa gida ya kwashe sirrin taro ya zuba wa farkarsa, ita kuwa 'yar OAS ce da aka dasa masa. Baki shi ke yanka wuya. Sau da yawa abin da yake cin ƙasa ba ya shigowa ta kan iyaka, yana zaune ne a kujerar gaba, da lambobin girma a ƙirji.

A ranar bikin, Dila ya shiga siffar tsohon soja mai ƙafa ɗaya, ya wuce masu gadi da sandarsa, ya hau bene ya saita kan Digol. Ya lissafa komai daidai, ya harba, daidai lokacin da Digol, wanda dogo ne ƙwarai, ya sunkuya don ya sumbaci kumatun tsohon sojan da ya maƙala wa lamba, bisa al'adar Faransawa. Harsashi ya wuce. Mutumin Ingila bai sa wannan al'ada cikin lissafinsa ba. Kafin ya sāke ɗura wani, Lebel ya faɗo ɗakin, ya ɗauki bindigar ɗan sandan da Dila ya kashe, ya gama da shi. Makashin maza, maza kan kar shi. Aka binne shi a kabarin da ba suna, har littafin ya ƙare ba wanda ya san ko wane ne.

ALHAKIN MAI ALƘALAMI

Saura tambaya guda, wadda ta hau kan marubucin. Dabarar nan ta yin fasfo da sunan yaron da ya mutu gaskiya ce, kuma ta yi aiki. Cikin 1974 wani ɗan majalisar Ingila, John Stonehouse, ya yi amfani da sunayen matattu ya yi fasfo, ya yi ƙaryar nutsewa a teku ya gudu Ostareliya. Cikin 2013 kuma aka tona cewa 'yan sandan ciki na Ingila kansu sun shekara da shekaru suna aron sunayen yara matattu ba da sanin iyayensu ba. Ɗan ta'addan nan na Benezuwela, Carlos, daga wannan littafi 'yan jarida suka laƙaba masa sunan Dila cikin 1975. Masu kare Forsyth suna cewa wanda ya nuna ɓaraka a katanga ba shi ya fasa ta ba, gyara ya rage ga mai gida. Maganar tana da ƙarfi, amma ba ta sauke wa marubuci nauyin auna abin da yake koyarwa ba.

Daɗin daɗawa, cikin 2015 Forsyth ya bayyana a tarihin rayuwarsa cewa ya yi wa hukumar leƙen asirin Ingila, MI6, aiki fiye da shekara 20, kuma tun a Biyafara aka fara. Wannan ya isa ya sa mai karatu a Nijeriya ya riƙa karanta abin da ya rubuta game da yaƙin basasa da ido biyu, ya haɗa da na wasu kafin ya yanke hukunci.

Duk da haka Ranar Dila littafi ne da ya cancanci a nema a karanta, musamman ga ɗalibai da ma'aikatan tsaro da masu sha'awar siyasa. Turancinsa mai sauƙi ne, wanda ya gama sakandare zai bi shi ba wahala. Sai dai idan aka kai shafi na ƙarshe, ya kamata mutum ya tsaya ya binciki zuciyarsa, ya ga lokacin da Digol ya sunkuya harsashi ya wuce, hamdala ya yi ko kuwa tsaki.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai rai.